Malamin da Ya Ɗaura Zani

Tun da na dawo daga Kafanchan ba a bar ni na huta ba. In na shiga ɗakin malamai tambaya, in na je biki tambaya, har maƙwabciyata da ko Kaduna ba ta son zuwa sai da ta leƙo ta katanga tana cewa, "Hajiya Binta, wai da gaske a coci kika kwana?" Ban kwana a coci ba, jama'a, kusa da coci na kwana. To bakina ya gaji da maimaici, ga shi nan a rubuce, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Abin da ya kai ni shi ne, akwai wata kwalejin horar da malamai da wata majami'a ta gina a bayan garin, ta wajen Kagoro. Shugabanta, Rabaran Dauda, tare muka yi karatu a Zariya tun muna da sauran ƙarfinmu. Dokar kwalejin ta ce in ƙara ta kai ga korar ma'aikaci, sai an sa baƙo ɗaya a cikin kwamiti, wanda ba a nan yake cin abinci ba, ba shi kuma da dangi a ciki. Ya kira ni a waya ya ce, "Binta, ina neman wanda ba ya jin kunyar kowa, sai na tuna da ke." Na ce na gode da zagi, mene ne ya faru?

Ya ce wata ɗaliba ce ta kai kuka cewa mai tsaron jarrabawa ya fizge takardar amsarta, ya yage ta a gaban jama'a, ya kore ta daga ɗaki. Wanda aka ba tsaron ɗakin a ranar wani Malam Iliya ne. An dakatar da shi, kuma zamanmu ne zai yanke ko ya koma aji ko ya kwashe kayansa ya bar gidan kwaleji da matarsa da 'ya'yansa. Na ce ina zuwa.

Daga Zariya zuwa Kaduna ba labari, kowa ya san hanyar. Labari ya fara ne bayan na haye gada na sauya mota, ƙaramar bas wadda aka cusa mu ciki har ba mai iya taɓa aljihunsa. Direban yaro ne mai surutu, yana Hausa yana haɗawa da Turancin kasuwa, in ya ga rami a titi sai ya gaishe shi kamar tsohon abokinsa kafin ya faɗa ciki. A kowane shingen jami'an tsaro sai ya rage waƙa ya yi fuskar salihai.

Ba a tambayi kowa fasfo ba, amma ni dai na san inda na ƙetare iyaka: Kasuwan Magani. Ku da kuka san ni kun san nahawun Hausa na yi rayuwata ina koyarwa, kunnena ba ya barin kuskure ya wuce, har 'ya'yana ba sa son yi mini saƙon waya. To a nan wata mai sayar da gyaɗa ta miƙo hannu ta taga tana cewa, "Mama, gyaɗa na ya yi daɗi, ka saya." Na buɗe baki zan gyara mata, sai na ji na kusa da ni, dattijo mai furfura da Littafi Mai Tsarki a cinya, yana waya yana cewa matarsa ya tafi gona. Na ce a raina, Binta, rufe bakinki, in kika fara gyara a ƙasar nan ba za ki iso ba. Mutanen nan kowa da harshen gidansu, Hausa ta kasuwa ce da coci, kuma harsunansu ba ruwansu da raba namiji da mace a magana. Mu da ba mu iya ko gaisuwa da nasu ba, da wane bakin za mu yi musu dariya?

A Kachia ƙamshin citta ya shigo motar har na yi atishawa. An shanya ta a bakin titi kamar yadda muke shanya barkono. A Zonkwa kuwa aka yi abin da har yanzu in na tuna sai na ji daɗi. Wani mutum ya tsayar da mu da buhu a kafaɗa, buhun yana motsi yana gurnani. Direba ya sauka zai buɗe but, ni kuwa jakata tana nan a ciki da sallayata. Kafin in ce uffan dattijon nan ya daka masa tsawa: "Kai, ba ka da ido? Alade za ka sa a kan kayan Hajiya?" Matan baya suka kama, kowa na faɗin tasa, har mai buhun ya leƙo ya ce, "Yi haƙuri Mama, ban gan ka ba," ya koma gefe yana jiran wata motar. Ban roƙi kowa ba, ban ko yi tari ba.

Da muka shiga tashar Kafanchan sai sakatariyar Rabaran ta kira ni. Ta ce, "Hajiya, wanda zai ɗauke ki ya iso. Ya tsaya wajen mai lemo, ya sa jan riga." Na duba, ga mai lemo, ga wani ƙaton saurayi da jar rigar 'yan ƙwallo zaune a kan babur. Na je na miƙa masa jakata na ce mu tafi. Shi ma bai yi musu ba, ɗan acaɓa ne ya ga kasuwa. Har na ɗaga ƙafa zan hau sai na ji ana ta dariya a bayana. Wata mata ce gajera kakkaura, ta kusa sittin, da jar riga, tana riƙe da nata babur ɗin. Ta ce, "Hajiya, ni ne aka aiko. Za a sace ki da rana tsaka!"

Sunanta Madam Saratu. Lissafi take koyarwa a kwalejin, ita ce kuma mai kula da baƙi. Haka na hau bayan mace a babur, abin da ban taɓa yi ba a Zariya, kuma wallahi ta fi direbanmu iya tuƙi. A hanya tana nuna mini duwatsun Kagoro da haɓa, tana gaisawa da duk wanda muka wuce. Sai da muka kusa ƙofar kwaleji ta rage gudu ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Za ku kore shi?" Na ce ban ji bakin kowa ba tukuna.

Masaukin ɗaki ne tsaf a gefen majami'ar kwaleji. Na tarar ta ajiye mini sabuwar buta da ledarta, ta nuna mini gabas, ta ce in na fuskanci dutsen can mai tsaga na dace. Da yamma ta kawo tuwon acca da miyar karkashi da kaza. Ta ga ina kallon kazar, ta ce, "Ci abinki. Har cikin gari na kai wa mahauci Musulmi ya yanka, na tsaya a kansa." Tuwon acca ba ya zama a ciki kamar namu na dawa, kana gamawa kana neman ƙari, kuma na nema ba kunya. Da asuba bayan na idar da salla sai na ji matan zumunta, wato ƙungiyar matan coci, suna waƙa da Hausa, suna buga tulu da tafin hannu. Kalmomin duk namu ne, alheri, jinƙai, gafara, amma muryar tasu ce. Da gari ya waye aka kawo paten acca da yakuwa da gauta, mai ɗaci-ɗaci, na shanye tas.

Mu huɗu ne a kwamiti: Rabaran, wakilin malamai, wakiliyar ɗalibai, sai ni. Tun kafin a yi addu'ar buɗewa na gane kowa ya zo da hukuncinsa a aljihu. Wakilin malamai yana ganin in aka kori malami saboda ɗaliba, gobe ba mai iya tsawata wa kowa. Wakiliyar ɗalibai, yarinya mai ido a tsaye, tana ganin in aka bar shi, ba ɗalibar da za ta sake kai kuka. Duka biyun suna da gaskiyarsu, amma ba wannan aka tara mu mu duba ba.

Aka shigo da Malam Iliya. Dogo ne siriri, rigarsa ta sha guga amma ta yi masa yawa, alamar ya rame. Na tambaye shi ko shi ne mai tsaron ɗakin. Ya ce shi ne. Na ce ya yage takardar?

"Ban yage takardan kowa ba, Hajiya."

"To wa ya yage?"

"Na ce ba ni ba ne. Nan na tsaya."

Na juya tambayar ta kowace fuska, mutumin nan ya kafe. Raina ya fara ɓaci, na ce, "Malam, aikinka ne fa a kan tebur ɗin nan." Ya ce ya sani. Ya ce aikin ma da sauƙi, abin da ke hana shi barci bencin baya ne. Na dubi Rabaran don ban gane ba. Rabaran ya bayyana mini cewa a ikilisiyarsu, wanda ake zargi da babban laifi dattawa kan sa shi a ƙarƙashin horo: ya zauna a benci na ƙarshe kusa da ƙofa, ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake raba wa masu ibada, ba ya riƙe wani aiki a sujada, har sai an wanke shi ko ya tuba. Maganar yage takarda kuwa da ta shiga gari ta yi 'ya'ya, har ana cewa neman yarinyar ya yi ta ƙi. Kuma Malam Iliya shi ne mai ba da waƙa a majami'ar tun yana saurayi. Yanzu kowace Lahadi 'ya'yansa suna gaba suna waiwayensa.

Da Malam Iliya ya fita na ce a kira ɗalibar. Sai aka fara kallon juna. Wai ai an riga an karɓi kukanta tun ranar, jami'in kula da ɗalibai ne ya saurare ta, wani Bakatsine da bai daɗe da kama aiki ba, shi ya kawo wa shugabanni bayani da Turanci. Wai al'adarsu ba sa jawo ɗaliba gaban manya, don kada ta tsorata. Kuma an yi hutu, tana ƙauyensu. Na ce, "Ranka ya daɗe, wato duk cikinku ba wanda ya ji maganar nan daga bakin mai ita?" Na ce to ni ba zan sa hannu a kori mutum a kan an ce ta ce ba, ko da za a kwana ana zaman nan. Tausayin da ya hana a saurari yarinya ba tausayinta ba ne. Rabaran ya yi murmushi irin na wanda ya san abin da ya gayyato, ya sa aka aika.

Washegari da hantsi suka iso, ita da mahaifiyarta. Sunanta Rifkatu, 'yar siririya, hannunta duk kanta irin na mai aikin gona. Na sa aka ba su kujera, na ce ta yi magana da harshen da ya fi mata sauƙi, ba mai katse ta. Ta zaɓi Hausa. Ta ce laifinta ɗaya ne kuma ba za ta ɓoye ba, ta shiga da waya a aljihu, wayar ta yi ƙara ana tsakiyar rubutu.

"Me ya sa kika shiga da ita?"

Ta nuna matar da ke gefenta ta ce, "Mama na ne ya kwanta asibiti. Ya ce in an fito da shi daga tiyata za a kira ni."

Na dubi uwar, da ɗankwalinta da zaninta, an ce mata "ya", an ce mata "shi". Sai na tuna mai gyaɗar Kasuwan Magani. Na gyara zama na ce, "Ci gaba, 'yata."

"Sai malamin ya zo, ya karɓi takarda na, ya yage, ya ce in fita. Na roƙe shi, bai ji ba."

"Malamin nan, me ya sa a jikinsa ran nan?"

Ta ɗan yi tunani. "Ya ɗaura zani na zumunta. Da farin ɗankwali."

Wakilin malamai ya saki biro ya faɗi ƙasa. Rabaran ya cire tabarau. Na ce, "Kin san Malam Iliya?" Ta ce ta san shi mana, shi ya raba musu takardu da safe, ya fita ɗauko ƙari, sai wani ya shigo ya tsaya masa. Na ce an dakatar da Malam Iliya saboda kukanki, kin sani? Yarinyar nan ta miƙe tsaye ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu! Ba shi ba ne! Madam Saratu ne!"

Kun ga yadda abin ya faru. Ta je tana kuka ta ce "malamin ya yage", Bakatsine ya ji da kunnen Katsina, ya juya zuwa Turanci da namiji, aka duba wa aka ba ɗakin, aka ga namiji. Da ɗaya daga cikin mutanen ƙasar ne ya saurare ta, da tambayar farko da zai yi ita ce wane malami, don su sun san "ya" ɗinsu ba ya nuna kowa. Ba wanda ya yi ƙarya, kuma an kusa raba mutum da aikinsa.

Ba zan ɓoye muku ba, sunan da ta kira ya buge ni. Matar da ta saya mini buta ce. Kafin a ci gaba na faɗa wa kwamiti a fili cewa tun zuwana abincin matar nan nake ci, in akwai mai ganin hakan zai karkatar da ni ya faɗa yanzu in koma gefe. Wakiliyar ɗalibai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Mama, ki zauna."

Ba a yi nisa wajen nemanta ba, tana bakin baranda da kulolin abincin rana. Ta shigo ta ga Rifkatu, sai ta ajiye kulolin a hankali ta durƙusa. Na ce, "Madam, tashi ki hau kujera. Yadda muka ji bakin kowa haka za mu ji naki." Ta ce ita ce. Ta ce a wannan makon an kama ɗalibai da amsoshi a waya, ranta a ɓace yake, da ta ji ƙara ba ta tsaya tambaya ba. Doka ta ce a karɓi waya a kai rahoto, ba ta ce a yaga takarda ba, ta sani. Da ta ji an dakatar da Iliya ta je gidansa, ya ce ta yi shiru, ba a kama shi da komai ba, zai wuce. Ashe matar marigayi wansa ce, ita ta riƙe shi tun yana firamare har ya zama malami, kuma saura kaɗan ta yi ritaya. Ta ce, "Kowace safiya ina cewa yau zan faɗa. In na kai ƙofan ofis sai ƙafa na ya ƙi."

Wakilin malamai ya ce tunda abin na cikin gida ne, a maido da Iliya a hankali a rufe maganar, kada a tozarta dattijuwa. Nan na tashi masa. Na ce a hankali aka dakatar da shi? A hankali aka sa shi a bencin baya? In an ɓata mutum a gaban jama'a, a gaban jama'a ake wanke shi, in ba haka ba har ya mutu ana cewa alfarma aka yi masa. Wakiliyar ɗalibai kuma ta ce a kori Madam. Ita ma na ce mata a'a, hukunci gwargwadon laifi ne, ba gwargwadon fushinmu ba.

Aka yi ta ja har abincin kulolin ya huce, amma muka tsaya a kan magana ɗaya. Rifkatu za ta sake jarrabawarta, da gargaɗi a kan waya. Madam Saratu za ta karɓi gargaɗi mai tsanani, an cire ta daga tsaron jarrabawa da kula da baƙi, za ta kuma nemi gafarar yarinyar a gaban uwarta, wanda ta yi nan take. Malam Iliya ya koma aikinsa, a kuma sanar a taron malamai da na ɗalibai cewa ba shi da laifi. Daga yau kuma duk mai kuka kwamiti zai ji shi da kunnensa, a tambaye shi sunan wanda yake ƙara. Da aka kira Iliya aka gaya masa, bai yi murna ba. Ya dubi matar wansa ya ce, "Mama, ban faɗa ba." Ta ce, "Na sani." Maganar benci kuwa Rabaran ya ce ba ta kwamiti ba ce, ta dattawan ikilisiya ce, zai kai musu da yamma.

Ran Lahadi da safe na fito da jakata ina jiran wanda zai kai ni tasha. Majami'ar ta cika, ƙofa a buɗe, ni kuma ina tsaye a inuwar mangwaro dab da ita, don haka bencin ƙarshe yana gabana. Malam Iliya na zaune a kai shi kaɗai. Fasto ya hau ya yi sanarwa, ya ce an bincika, ɗan'uwanmu ba shi da laifi, dattawa sun ɗage horo, ya dawo wurinsa. Aka yi tafi, wasu mata suka yi guɗa. Shi kuwa bai motsa ba, kansa a sunkuye.

Sai na ga Madam Saratu ta tashi daga layin matan zumunta can gaba. Ba wanda ya kira sunanta, fasto bai ambace ta ba. Ta biyo tsakiyar majami'a da zanin zumuntarta, ana ta kallonta, har ta iso baya. Ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Tashi, Iliya. Wuri na ne."

Ya tashi. Ta zauna inda ya bari, ta haɗa hannu a cinya. Ya taka har gaban mawaƙa ya juyo, masu tulu suka ɗaga hannu suna jiransa. Ya buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ya sake gwadawa, ta ƙi. Sai daga bencin baya matar nan ta ɗaga murya ta ba shi baitin farko. Ya kama, jama'a suka amsa.

Mai babur ya yi ta yi mini hon a bakin titi. Sai da na goge idona da bakin mayafi sannan na iya ganin inda jakata take.